Saurar Ishiyaku Mai Jiran Zabi

Ishiyaku taubashina ne, uwarsa ƙanwar ubana ce, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba wanda zai kai ni ƙara. Tun muna yara a ƙauyenmu na gundumar Zinyau nake tsokanarsa, ga shi yau haƙora sun zube mana ban daina ba. In ka tambayi mutanen gari wane ne shi, za su ce maka maharbi ne. Ni kuwa cewa nake maharbin baka ne, domin rabon da in ci naman da bindigarsa ta kashe tun ina goyon autata, ga ta nan yanzu har ta fara aurar da 'ya'ya.

Ubansa, Malam Isma'ila, shi ne maharbin gaske. A zamaninsa bayan dutsen garinmu daji ne sosai, gamba ta fi tsayin mutum, kanya da marke sun haɗe kai. Da hantsi zabin daji kan gangaro daga dutsen su bazu cikin ciyawa, suna tafe suna tsince-tsince, in ka hango su daga nesa sai ka ce shanyar baƙin zane ce iska take ja a ƙasa. Ishiyaku yana ɗan ƙarami yake bin uban da jakar albarushi. Ya sha gaya mini cewa ba harbin ne yake ba shi sha'awa ba, jiran ne: a kwanta rub da ciki a bayan sabara, raɓa na jiƙa riga, a ji kukansu yana matsowa kaɗan-kaɗan. Na ce masa ai dama ragwanci ne ya sami suna mai kyau.

Sai gari ya yi ta haihuwa, gonaki suka yi ta cin daji. Aka sare marken aka yi gawayi. Daga baya maganin feshi ya shigo, mutum ya goya tanki a baya ya bi gona, kafin kwana kaɗan ciyawa ta ƙone ƙurmus, fara da gara su bi ta. Zabi ba su yi sallama da kowa ba. Wata shekara dai aka lura ba a ƙara jin su ba, kowa ya ce Allah sarki, ya koma kan aikinsa. Ishiyaku kaɗai ne bai koma ba.

Da aka raba gado, gonar gindin dutse ce ta faɗo masa. Gona ce mai kyau, ƙasarta baƙa, ruwan dutse na sauka a kanta. Ya noma ɓangaren gabas, ya bar ɓangaren da ya jingina da dutsen ya zama saura, wato ba shuka ba noma, sai abin da Allah ya tsiro. Da farko an ɗauka hutar da ƙasar yake yi. Da shekaru suka yi ta wucewa ba a ga garma ta shiga ba, aka tambaye shi, ya ce zabin daji yake wa shimfiɗa.

Kada ka ɗauka zama ya yi ya naɗe hannu. Wallahi wahalar da ya sha a kan saurar nan, da a kan dawa ya sha ta, da ya cika rumbu ya nemi aron wani. Ya hana a sa wuta, ya hana a yi feshi ko kusa da iyaka. Ya je har rafi ya haƙo saiwar gamba ya dasa. Akwai wata tsohuwar kanya da masu gawayi suka yi ta zarya a kanta, ya ce ko reshe ba za a taɓa ba, nan ne makwancin baƙinsa. Ya binne fasassun tukwane iya wuya, kullum ya ɗauro ruwa a keke ya cika su. Ya share wani fili ya zuba toka da rairayi don su sami wurin birgima. Har gara yake kiwo: ya cusa karmami da busasshen kashin shanu a tukunya, ya yayyafa ruwa, ya kife ta a bakin suri, washegari ya ɗaga ya zazzage a fili. Kurciyoyi da 'yan buwa suka yi ƙiba a wurin, har da ɓeraye. Zabo dai ko gashinsa.

In ya gama sai ya zauna a gindin kanya, ya jingine adakarsa, tsohuwar bindigar uban, ya lumshe ido. Gonata tana maƙwabtaka da tasa, nakan leƙa in na je yankan rama.

"Kai maharbi, yau nawa ka kashe?"

"Dije, rage murya. Ɗazu na ji kamar kukansu ta bayan dutse."

"Cikinka ne yake kuka, tashi ka je gida."

Ya yi murmushi ba tare da ya buɗe ido ba. Haka yake, ba ka iya ɓata masa rai, abin da ya fi ba ni haushi ke nan a halinsa.

Matarsa Huseina ita ce ta riƙe gidan da ƙafa biyu. Mace ce gajera mai kazar-kazar, kuma abin dariyar shi ne ita ma zabi take kiwo, amma na gida. Kowa ya san zabuwa ba uwar kirki ba ce, sai ta ja 'ya'ya cikin raɓa su mutu. Don haka Huseina kan kwashe ƙwan ta sa wa kaza ta kwanta, kazar ta ƙyanƙyashe ta raine su tana tsammanin nata ne. Zabinta manya ne, masu farin ƙirji, kuma sun san ƙarar ƙwaryarta. In ta zuba gero a ciki ta kaɗa, ko suna bayan gari sai ka gan su a guje. Da damina ƙwansu ne cefanen gidan, ranar kasuwar Rano ba ta rasa mai kai mata.

Zabin unguwa sukan cakuɗe, rigima ba ta ƙarewa a kan na wane ne wannan. Wasu matan kan ɗaura tsumma a fiffike, ruwa ya dake shi ya ruɓe. Ɗan farinsu, Tajuddeen, yana haya da babur tsakanin Rano da Kibiya, shi ne wata rana ya zo da guntayen jar waya da aka cire wa babur ɗinsa wajen gyara. Ya zauna a tsakar gida da filaya, ita tana riƙe masa zabin ɗaya bayan ɗaya, yana murɗa wa kowacce zobe a ƙafar hagu. Ina wurin. Har suka gama ba wanda ya dubi fuskar wani, saboda alkunyar ɗan fari. Huseina ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan", shi ma uban haka. In magana mai nauyi ta taso tsakaninsu, ni ake nema in kai in kawo.

To, maganar mai nauyi ta zo. Tajuddeen ya yi aure, matarsa Asma'u ta haihu, ga ƙannensa sun taso, abin da ɓangaren gabas yake bayarwa ba ya kai su bazara. Hayar babur kuma ta ja baya, masu Keke Napep sun cika hanya. Bayan an gama girbi ya same ni a gida, ya durƙusa.

"Gwaggo, ki yi wa Baba magana. Ƙasa mafi kyau a gonar nan tana kwance tana ciyar da kurciya, mu muna awo a kasuwa."

Gaskiya yaron ya faɗa, kuma na ji tausayinsa. Na kai maganar. Ishiyaku ya ce, "Sun kusa, Dije." Na ce tun yaron yana rarrafe suke kusa. Huseina ce ta raba gardamar daga bakin murhu. Ta ce a bar wa Malam damina mai zuwa da raninta. In ya harbo zabon daji ko guda a saurar ya kawo gida aka ci, saura ta zama tasa har ya koma ga Allah. In bai kawo ba, ruwan shuka na gaba garma ta shiga. Na kai wa Tajuddeen, ya ce ya yarda. Ishiyaku ma ya ce ya yarda, kuma shi mutum ne da ba ya tashin magana.

Da bazara ta kama, wani makiyayi mai suna Mahdi, wanda rugarsu take bayan dutsen, ya tsaya shan ruwa a saurar. Ya ce ya ga wani ɗan garke na zabin daji can cikin duwatsun da ke wajen Kibiya, ba su da yawa, kuma ba sa yarda a matso su. Ranar Ishiyaku bai iya cin tuwo ba. Ya yi ta tunani har ya samo dabara: ruwa da gara ba sa kira daga nesa, amma murya tana kira. Bazara ce lokacin da zabi suke neman juna. In zabin Huseina suka wuni a saurar suna kuka, na dajin za su ji su gangaro.

Huseina ta ce sam. Ya bi ta da lallashi, yau ya sayo mata goro, gobe ya gyara mata danga, har ta gaji.

"Malam, ga ƙwaryar. Amma yadda ka fita da su haka za ka dawo mini da su."

"In Allah ya yarda har da baƙi za su dawo."

Abin kallo ya samu a gari. Kullum da hantsi ga dattijo da bindiga a kafaɗa yana tafe yana kaɗa ƙwarya, zabi na biye da shi a layi. Na ce masa yanzu kam ya sami aikin da ya dace da shi, ya zama kaza uwar riƙo.

Dabarar ta ci, sai dai ta juye masa. Bayan an yi ruwan farko, wata safiya ƙasa tana ƙamshi, na gidan suna ta ƙilƙal-ƙilƙal, sai aka amsa daga kan dutse. Ishiyaku ne ya ba ni labarin daga baya. Ya ga inuwarsu a saman dutsen, ƙanana, baƙaƙe, ba ɗigon fari a ƙirji. Nisan ya fi ƙarfin adaka, don haka ya kwanta a bayan sabara yana jira su sauko. Ba su sauko ba. Na gidan ne suka miƙa wuya suka saurara, sai babbar zabuwar ta kama hanya, sauran suka bi ta, suka haye dutsen a natse kamar masu zuwa biki. Ya tashi ya kaɗa ƙwarya har geron ya zube, ko waiwaye ba su yi ba. Shi bai taɓa kawowa a ransa ba cewa kira hanya biyu gare shi.

Ya kwana biyu yana hawa dutse yana sauka, shi da Mahdi, ba su ga komai ba. Huseina ta yi fushin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta daina yi masa magana, tuwo ma sai ta ajiye ta juya. Ni ma na wanke shi tas, na ce mutane na zuwa farauta su kawo nama gida, shi ya kwashi na gida ya kai wa daji sadaka. Sai wata rana ina zaune a wurinta tana tankaɗe, ta tsaya, kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kuka take. Ashe dariya ce.

"Dije, ki duba fa. Duk shekarun nan yana yi wa dajin nan bauta, ashe 'ya'yana yake wa neman miji."

Da yamma ta kai masa fura da kanta. Ya miƙo mata ƙwaryar kiran zabin, ta ce ya riƙe, me za ta kira da ita.

Cikin marka, ruwa na zuba ba ƙaƙƙautawa, zazzaɓi ya kama ta. Aka kai ta asibiti a Rano, aka dawo da ita, ta ɗan ji sauƙi, ya sake dawowa. Kafin gero ya nuna Huseina ta rasu. Allah ya ji ƙanta. Na yi rashin ƙawa, kuma har yau in na wuce ƙofar gidan sai in ji kamar zan ji kaɗa ƙwarya.

Bayan an share makoki Ishiyaku ya koma gindin kanya. Ya rame, idonsa ya fara yana, amma ruwan tukwane bai taɓa ƙafewa ba. Ban ƙara tsokanarsa ba a lokacin, bakina ya ƙi.

Bayan girbi, da ciyawa ta fara ja, wata la'asar ya shigo gidana ko sallamar kirki bai yi ba.

"Dije, sun zo."

"Ina naman?"

Ya zauna a kan turmi ya ba ni labari. Ya ce yana zaune yana kaɗa ƙwaryar a hankali, ba don kiran komai ba, don dai kewar mai ita. Sai ya ji motsi a gamba. Garke guda ne ya fito fili, ya fi wanda Mahdi ya gani nesa ba kusa ba, suka sha ruwa, suka yi birgima a tokar da ya daɗe yana zubawa, ƙura na tashi cikin hasken yamma. Akwai matasa da yawa a ciki, jikinsu na daji, amma da ɗan fari-fari a ƙirji. Ya ɗaga adaka ya ɗora a gwiwa, ya sa yatsa a kunama. Sai wata babba ta ware daga cikinsu ta nufo shi, tana tafe tana karkata kai, har ta zo inda zai iya taɓa ta da bakin bindigar. Ta tsaya tana kallon ƙwaryar. A ƙafarta ta hagu ga jar waya.

"To ba sai ka harbi wani daga gefe ba?" na ce. "Ka san sharaɗin."

"Wanne zan harba, Dije? Jikokin Huseina ne. Kuma in bindiga ta tashi sau ɗaya, sun tafi ke nan."

Ya ce ya ajiye bindigar ya watsa mata gero, ta ci.

Na kai wa Tajuddeen labarin yadda aka ba ni. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, idon Baba ba ya gani sosai, ga kuma rashin Inna." Duk da haka ya je saurar, ba sau ɗaya ba. Amma da ƙarar babur yake zuwa, ya ɗan tsaya ya duba agogo ya tafi, bai ga komai ba sai sawu a toka, sawu kuwa na kowane zabo iri ɗaya ne. Ni ma na je ban gani ba. Mutanen gari suka fara cewa tsufa ya taɓa Ishiyaku. Shi dai kullum ya dawo da fuska a sake, ya ce yau sun zo, ko yau ba su zo ba. Adakar ma ya daina fita da ita, ya rataye ta a ɗaki.

Rani ya wuce, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Na ce masa ko in roƙi yaron ya ƙara masa lokaci. Ya ce a'a, Huseina ce ta yanka maganar, kuma jikokinsa na gida ma suna buƙatar abinci. "Ki ce masa ya shiga da garma."

Ranar da aka tashi da ruwan shuka, Tajuddeen ya ɗauko hayar shanun huɗa. Na bi su, don ban so Ishiyaku ya tsaya shi kaɗai. Muka tsaya a gindin kanya, shi da ƙwarya a hammata. Ƙasa ta yi laushi, sabuwar ciyawa ta fara tsirowa a ƙarƙashin tsohuwar gamba, dutsen yana ta tururi. Ishiyaku yana ta kallon tukwanensa ɗaya bayan ɗaya.

Tajuddeen ya kafa garma a bakin iyaka, ya yi bisimilla, ya daka wa shanu tsawa. Ba su yi nisa ba, dab da wata sabara, sai wani abu ya tashi fir daga ƙarƙashin hancinsu, har shanun suka ja da baya. Zabuwa ce. Ba ta gudu ba, ta sauka kan wani dutse kusa da shi, ta baza fiffike tana masifa. Daga inda nake ban ga ƙafarta ba. Shi ya gani.

Ya saki garmar. Ya taka a hankali ya buɗa gambar da hannu, ya tsuguna. Na matsa na leƙa ta kafaɗarsa: ɗan rami ne a ƙasa, cike da ƙwai masu ɗigo-ɗigo, da ɗuminsu. Ya ɗaga kai ya sake duban zabuwar. Wayar ta koɗe, ta koma kalar ƙasa-ƙasa, amma murɗin yana nan yadda filayarsa ta bar shi, ranar da uwarsa take riƙe masa ƙafar.

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya mai da ciyawar yadda take, ya koma ya zare garmar daga ƙasa, ya juya kan shanun. Da ya zo wucewa ta gabanmu bai dubi uban ba, ni ya duba, idonsa ya yi ja.

"Gwaggo, ki gaya wa Baba shanun sun gaji."

Shanun da ko gumi ba su yi ba. Uban yana tsaye kusa da ni, ya ji da kunnensa, amma na juya na gaya masa, tunda aikina ne.

"Ishiyaku, an ce shanun sun gaji."

"To," ya ce. "Ki ce masa ya bi da su ta gabas, kada su taka tukwanen."

Bana Tajuddeen aron gona ya karɓa a wajen garin Dawaki, yana zuwa a babur, kuma har yanzu sukan yi awo kafin kaka. Ban ji ya ƙara tayar da maganar saura ba. Ran nan da hantsi na hango babur ɗinsa a jingine can nesa da gonar, shi kuma yana tafe a ƙasa, ba takalmi, da jarkar ruwa a kafaɗa.